Ku daina ɗora wa rana laifin zafin Kano

1/ Duk Afrilu sai mu cika nan da kuka: "Wayyo, Kano ta zama tanda." To jama'a, wa ya gina tandar?

2/ Ranar da ke dukan Sabon Gari ita ce dai ke dukan ƙauyukan Kura da Bichi. Amma can dare na yi iska take sakowa. Mu kuwa ƙarfe biyun dare bango na hura mana wuta.

3/ Dalili? Kwalta, bulo, siminti da intalok tun safe suke shanye zafin rana, sai bayan magariba su fara amayo shi a hankali. Ga gine-gine a cunkushe, iska ba ta da hanyar wucewa ta kwashe shi.

4/ Ba sabon ilimi ba ne fa. Tun 1818 wani Bature, Luke Howard, ya wallafa awon da ya yi: da dare cikin Landan ya fi ƙauyukan gefensa ɗumi. Shekara 200 ke nan da 'yan kai, mu har yau muna kiran siminti ci gaba.

5/ Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa? Tsattsafowa take, iska ta busar, zafin ya tafi. Haka bishiya take yi ta ganyenta, ga inuwa kyauta. Darbejiya ɗaya a ƙofar gida randa ce ta layin gaba ɗaya.

6/ Amma sai Alhaji ya sare ta, wai tana zubar da ganye, tana tare masa shago. Ya malale tsakar gida da intalok, ya kafa esi. Esin nan ba kashe zafi take ba, kwaso shi take daga ɗakinsa ta watso wa maƙwabta. Janareto ya ƙara nasa. Wanda ke kwana ƙarƙashin kwano ba silin shi ke biya, da jarirai da tsofaffi.

7/ Kududdufan cikin gari ma an bi an cike, an yanka filaye. Wai ƙazanta ce. A gyara mana, ba a binne ba!

8/ Masu cewa sauyin yanayi ne, e, gaskiya ne, yana nan. Amma ba sauyin yanayi ne ya ɗauko gatari ya shigo layinku ba.

9/ Kuma duk titin da aka faɗaɗa aka tuge bishiyoyi, ku tambaya: guda nawa aka mayar, wa ke ba su ruwa? Ba dashen ɗaukar hoto ba, wanda akuya ke cinyewa kafin sati.