Daga Tambuwal Zuwa Kebbe, Ta Ikko!

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, Tambuwal da Kebbe maƙwabta ne. Amma in layinka da na ɗan'uwanka ba kamfaninsu ɗaya ba, sau da yawa sai saƙonku na intanet ya dangana da Ikko kafin ya ƙetara. Dalili kuwa, kamfanoni ko dai su haɗu wuri guda su yi musayar saƙonni, ban gishiri in ba ka manda, ko kuwa ƙarami ya biya babba kuɗin fito. Tun 2006 aka kafa mahaɗar IXPN a Ikko, Abuja da Kano suka samu rassa. To, Sakkwato fa? Kuɗin fiton nan daga aljihunmu yake fita. Lalle ne ƙungiyarmu ta matsa wa hukumar NCC a kafa mana tamu mahaɗar.