Tsohuwar Fijo da Maƙeran Zubi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, ba zai rasa ganin gawar mota a bayan rumfar wani bakanike ba, an ɗora ta bisa duwatsu, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Sau da yawa akan tarar Peugeot 504 ce, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, musamman mai buɗaɗɗen baya da ta yi shekaru tana jidar gero da albasa da tumaki tsakanin Sifawa da Danchadi da Kajiji a ranakun kasuwa. In aka tambayi dalilin ajiye ta, wani lokaci amsar ba ta wuce kalma uku: bulok ya fashe.

Bulok shi ne gangar jikin inji, watau dunƙulen baƙin ƙarfen nan da fistin ke kai da komo a cikinsa, wanda kuma sauran sassa ke ɗaure a jikinsa. Injin Fijo yana da wani kirki da kanikawa suka daɗe suna yaba masa: ramukan da fistin ke gudu a ciki ba haɗe suke da bulok ba, silif ne da ake zarewa a sa sabo in ya cinye. Saboda haka inji guda yakan ga sabon fistin da ringi da silif sau da dama, bulok ɗinsa na nan daram. Amma ranar da lagireto ya tsiyaye a tsakiyar bazara direba bai lura ba, ko sandar fistin ta ɓalle ta huda bango, to, magana ta ƙare. Walda ba ta cika riƙe ƙarfen zubi ba, domin yakan sake tsagewa a gefen ɗinkin da zarar ya huce. Sai dai a nemo na gwanjo, shi kuwa na gwanjon kullum ƙara wuya yake yi, tun da an daina ƙera 504 a Faransa da daɗewa, Kaduna ma da ta fi kowa jimiri ta tsaya a wajajen 2006.

A ƙasashen Turawa an sami masu amsa wannan matsala ta hanyar komawa ga zubi. A 2020 kamfanin Jaguar na Ingila ya sanar da cewa ya sake zuba sabon bulok na injinsa mai lita 3.8, irin wanda aka sa wa motocinsa na shekarun 1950 da 1960, kowane guda a kan kuɗi sama da fam 14,000. A Amurka ma masu sha'awar Ford Model A, motar da aka daina yi tun 1931, sun sa an zuba musu sabon bulok a ƙasar Sin. Wannan labari ne ya sa ake jin wasu na cewa, ga maƙeranmu nan masu zuba tukwane, me zai hana su zuba wa Fijo bulok? Wasu kuma su yi dariya su ce ai baƙin mutum bai iya ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne duka ɓangarorin biyu sun kauce, ko da yake kuskuren na farko ya fi sauƙin gyara.

Da farko dai tilas a bambanta tsohuwar motar Bature da ta mutumin Shagari. Ta Bature abar marmari ce, a goge ta a fito da ita ran biki, mai ita kuwa yana iya biyan kuɗin bulok da ya fi kuɗin wata sabuwar mota. Ta nan jakar gida ce. In kuɗin sabon bulok ya wuce na wata motar gwanjo da za a hayo da ita daga Kwatano, babu direban da zai saya, kome ƙaunarsa ga Fijo.

Sa'an nan ga shi kansa aikin. Maƙeran zubi da ake gani a garuruwan ƙasar Hausa gwanaye ne ƙwarai, ba mai musun wannan sai wanda bai taɓa tsayawa ya kalle su ba. Sukan cika akwati da ƙasa mai danshi, su danna tsohuwar tukunya a ciki ta bar siffarta, su zare ta a hankali, su narka sanholo a kan gawayi suna zuga wuta da ƙafar keke, su kwarara. Kafin a jima ga tukunya da marfinta. Amma sanholo yana narkewa ne a zafin digiri 660, shi kuwa ƙarfen zubi sai ya kai wajen 1,200 kafin ya saki jiki, kuma sai an ɗara hakan kafin ya gudana ya cika lungunan ƙasa. Ba zafin ne kaɗai ba. Tukunya rami ɗaya gare ta, buɗe, ana ganin ƙasansa. Bulok kuwa cikinsa kamar gidan tururuwa yake, ga hanyar ruwa ga hanyar mai, kowace sai an gina mata ƙullin yashi na musamman an gasa, an jera a cikin akwati yadda ba zai gusa ba sa'ad da ƙarfe ya malalo, daga baya a farfasa shi a kakkaɓe. In ƙulli guda ya karkace kaɗan, bango ɗaya ya yi kauri ɗaya ya yi siriri, aikin mako guda ya tashi a banza. Bayan an zuba kuma, rabin aiki ne aka yi: saura fiƙe fuska, da huda ramuka, da daidaita mazaunin karanshaf a kan layi guda, da awon da bai kai kaurin gashin kai ba. Wanda ya ce mai zuba tukunya ya fara da wannan, bai yi masa adalci ba.

To, amma masu cewa ba a iyawa fa? Su kuma sun manta da tarihi, na nesa da na kusa. Unguwar Maƙera Assada a birnin Sakkwato ba don ado aka raɗa mata suna ba, kuma kakannin maƙeran ƙasar Hausa da kansu suke haƙo tama su dafa ta su fitar da ƙarfe, tun ba a san jirgin ƙasa ba. Abin da ya faru shi ne an yanke igiyar a tsaka. Da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, harhaɗawa aka zo yi. Har jiragen sama aka riƙa yi wa lodin sassan mota daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, a kwashe a manyan motoci a kai Kaduna. An horar da masu ɗaure kusoshi da masu fenti, ba a horar da masu zuba inji ba. A 1980 Shugaba Shehu Shagari, ɗan wannan gari na Shagari, ya aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da niyyar toshe wannan giɓi. An hamɓarar da gwamnatinsa a ƙarshen 1983, shi kansa ya rasu a 2018, babban murhun narkar da tama na Ajaokuta kuwa ba a taɓa hura shi ba.

Sai dai Ajaokuta ta zama wurin fakewa. Zubin baƙin ƙarfe ba ya jiran tama. Tsohon ƙarfe ma ana narka shi a sake zubawa, kuma babu tsohon ƙarfen da ya fi fasasshen bulok kyau ga wannan aiki. Abin takaici, shi ne 'yan gwangwan ke saye bisa sikeli su loda a tirela ya bar jihar, kan silinda da fistin kuwa, da yake na sanholo ne, su ƙare a murhun mai tukwane. Watau dai injin da ya yi shekara talatin yana aiki, rabinsa ya tafi wata uwa duniya, rabinsa ya koma dafa tuwon biki.

Abin da ya kamata a nema wa wannan yanki shi ne murhu guda mai narka baƙin ƙarfe, ba bulok ba tukuna. Irin wannan murhu ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Cibiyar binciken kayan ƙere-ƙere ta tarayya da ke Akure ta ƙera ƙanana masu juyawa, masu aiki da mai. In aka girka ɗaya a wata makarantar koyon sana'a, kamar ta Farfaru, aka kawo 'ya'yan maƙera waɗanda hannunsu ya riga ya san danshin ƙasar zubi, sai a fara da abin da ke da masaya a bakin ƙofa: faifan injin niƙa da ke cinyewa kullum, da duram ɗin birki, da kan famfon ban-ruwa na masu noman rani a bakin madatsar Shagari, da murhun girki. Daga nan a kai ga silif, wanda shi ma zubi ne, amma siffarsa ta bututu ce kawai. Da rarrafe yaro kan tashi. Mai yiwuwa kafin a kai ga bulok Fijo ta riga ta ƙare a hanya. Ba kome, injin ban-ruwa da na Keke Napep su ma bulok gare su, kuma sun fi ƙanƙanta.

Akwai kuma kason da ya faɗo kan Sashen Hausa. An yi rubuce-rubuce a kan ƙira ta gargajiya, an tattara sunayen uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi, amma kalmomin mai zubi da na bakanike har yanzu galibinsu a baki suke. Ranar da za a koyar da ɗan maƙeri haɗa ƙullin yashi, da Hausa za a koya masa, kuma sai an sami littafin da zai karanta. Ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce ta raba shi da Boɗinga.