Ƙarƙashin Teku Bai Yi wa Kano Nisa Ba

Tsakanin Gyadi-Gyadi da bakin tekun Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, shi ya sa ake ɗaukar binciken teku a matsayin sha'anin wasu can. Ranar 14 ga Maris, 2024 ta ƙaryata wannan zato. A ranar ne manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tekun Atilantika suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, hada-hadar bankuna ta yi ta cijewa a faɗin Nijeriya. Mai sana'ar POS a kasuwar Tarauni bai taɓa ganin igiyar ruwa ba, amma cinikinsa yana rataye da abin da ke kwance a can ƙasa.

Waya ce ma ta fara tilasta wa Turawa sanin ƙasan teku. Kafin a shimfiɗa wayar tangaraho tsakanin Turai da Amurka a 1858, sai da aka auna zurfin hanyar. Daga 1872 zuwa 1876, jirgin Ingila mai suna Challenger ya kewaya duniya yana zura igiya mai nauyi a baki har ta taɓa ƙasa, aikin da kan cinye sa'o'i kafin a sami awo ɗaya tak. A 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka nutsa cikin Trieste zuwa ramin Mariyana, kimanin mita 10,900. A 1977 kuma jirgin nutso Alvin ya tarar da halittu kewaye da maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galafagos, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. Abincinsu daga sinadaran da ke fitowa daga cikin ƙasa yake samo asali, lamarin da ya sauya fahimtar masana game da rayuwa.

Nijeriya ba ta zauna hannu rabbana ba. Cibiyar binciken teku ta ƙasa tana Legas tun 1975, kuma rundunar sojan ruwa ta karɓi jirgin awon ƙasan teku, NNS Lana, a 2021. Ba a kuma cewa Arewa baƙuwar ruwa ce: kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin Yobe ya kai shekara 8,000.

Giɓin yana wajen harshe. Ɗalibin da ya tashi da Hausa kusan ba shi da abin karantawa kan wannan fanni, kuma kalmar "jirgin ƙarƙashin teku" yaƙi kawai take tuna masa. Sassan nazarin Hausa su ne da alhakin zama da masana labarin ƙasa da injiniyoyi a daidaita kalmomi, a rubuta. Wurin gwaji ma yana kusa, domin na'urar da ke auna zurfin teku da amsa-kuwwa ita ce za ta nuna yawan laka da yashin da suka taru a madatsar Tiga tun 1974.