Taimakon Mai Shaye-shaye: Kyakkyawar Niyya Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Da wuya a yi taron addu'a a ikilisiyoyinmu, daga Zonkwa zuwa Biliri, daga Mangu zuwa Zuru, ba a ji wata uwa ta miƙa roƙo saboda ɗanta da shaye-shaye ya kama ba. Kafin a je wurin likita, ƙofar fasto ko ta katikis ake fara ƙwanƙwasawa. Wannan babbar amana ce, kuma ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu yarda cewa ba da shawara ga mai shaye-shaye aiki ne da ake koyo, kamar yadda ake koyon aikin ungozoma.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, ban da masu shan giya. Miliyan 4.6 sun sha ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Ɗaya cikin biyar abin ya riga ya zame masa ciwo, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. Alhali ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha bayyana cewa yawansu bai kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri suna iyakar ƙoƙarinsu, amma sun yi wa mutumin ƙauye nisa.

To, inda babu masani, marar sani yakan cika gurbin. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Kada waninmu ya yi saurin nuna yatsa, gama rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekara, bayan ta ziyarci wurare 28, ya ce an tarar da ɗaurin sarƙa a wuraren gwamnati, da na masu maganin gargajiya, da na Musulmi, har da na Kirista. Bisharar Markus sura 5 ta ba da labarin mutumin da aka sha ɗaurewa da sarƙa, abin bai amfane shi da kome ba, sai da Ubangiji Yesu ya maido masa da hankalinsa da mutuncinsa. Ban da haka, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar da cewa masu irin wannan lalura suna da haƙƙi a gaban shari'a.

Mene ne ya kamata mai ba da shawara ya koya? Na fari, iyakar saninsa. Wanda ya shekara da shekaru yana shan burukutu ko ogogoro kullum, in aka yanke masa farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku yana iya kamuwa da karkarwa, da gane-gane, da farfaɗiya, har rai ya salwanta. Kulle irin wannan mutum a ɗaki, a ɗora masa azumin kwana bakwai, wasa ne da ransa. Haka nan wanda ya bar tiramol ko kodin na ɗan lokaci, jikinsa ba ya ƙara ɗaukar yawan da ya saba, in ya koma ya sha kamar dā yana iya mutuwa. Sau da yawa kuma akwai wani ciwo a ƙarƙashin shan, kamar matsananciyar damuwa ko firgicin rikicin da mutum ya gani da idonsa. Duk wanda ya ambaci kashe kansa, ranar ce za a raka shi asibiti.

Na biyu, riƙon asiri. Likita yana da dokar aiki da ta hana shi tona maganar marar lafiya. Mu kuwa sau nawa abin da aka faɗa a ɗakin shawara yake fitowa ran Lahadi da sunan roƙon addu'a, ko ya zama misali a cikin wa'azi, kowa kuma ya gane da wa ake? Budurwar da ta san maganarta za ta kai kunnen dangin saurayinta, ko matar auren da take tsoron kishiyoyin baki, ba za ta taɓa zuwa ba. Saboda haka dole a sami mata horarru daga cikin Zumuntar Mata waɗanda 'yan'uwansu mata za su amince da su.

Na uku, haƙuri da mai komawa. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jiyyar shaye-shaye sukan sake faɗawa, kusan daidai da yadda hawan jini da asma suke sake tashi. Idan abin da muka iya kaɗai shi ne sa mutum ƙarƙashin horo a mayar da shi bencin baya, to mun koya masa ɓoyewa ke nan. Horon ikilisiya yana da wurinsa, amma an kafa shi domin a maido da ɗan'uwa.

Mun san wasu za su ce maye zunubi ne, maganinsa tuba da addu'a, zancen asibiti kuwa raunin bangaskiya. Ba mu musa cewa Littafi Mai Tsarki ya tsauta a kan maye ba, ba kuwa za mu daina addu'a ba. Amma mu tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Ya ɗaure raunukan da ya iya, ya kai mutumin masauki, ya biya, ya kuma yi alkawarin dawowa. Iyayenmu cikin bangaskiya da suka kafa asibitin Vom a 1922 da Evangel ta Jos a 1959 ba su ga saɓani tsakanin allura da addu'a ba.

Don haka muna kira ga makarantunmu na Littafi Mai Tsarki su sa darasin shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin manhajarsu, likitoci da ma'aikatan jiyya su koyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP tun 2008 domin horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru a wannan fanni ba, asibitocin mishan su rungume shi. Kowace gunduma ta keɓe namiji da mace ta aika su koyo, ta san asibitin da za ta riƙa tura mutane, ta kuma ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da magani. Shugabannin ɗarikoki su hana ɗauri da duka a duk wurin da ake kira da sunan Almasihu. Iyaye kuma, kafin ku miƙa ɗanku, ku tambayi mai gidan inda ya yi koyo, ku nemi ganin ɗakin da yaron zai kwana. Wanda ya hana ku gani, ku koma gida da ɗanku.

Ubangiji ya ba mu hikima tare da ƙauna. Amin.