Sharhi: Ma'aikatan jinya da yaƙi da kitsen jini

Kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa ciwon kai. Mutum na cikin kasuwarsa lafiya lau, kitsen na taruwa a bangon jijiyoyinsa yana matse hanyar jini, har ranar da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki za su faɗo masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyi sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019.

Likita kan duba sakamakon gwaji, in ya ga kitsen ya haura miligiram 200, ya auna sauran haɗarin, wataƙila ya rubuta maganin atorvastatin ko simvastatin, sai ya kira na gaba. Sauran aikin na ma'aikaciyar jinya ne.

Ita ce ke zama da dattijon da ya ce, "'Yata, ai na warke, me zan yi da ƙwaya kullum?" ta fahimtar da shi cewa maganin yana rage kitsen da hanta ke samarwa ne, da zarar an ajiye shi sai kitsen ya sake hawa. Ita ke tambayar ko yana jin ciwon tsoka, domin wasu kan daina sha a ɓoye saboda haka. Ita kuma ta san tukunyar gidan: man shanun da ake malalawa a kan tuwo, tsire mai kitse da yamma, ƙosan da aka soya da man da ya sha wuta har ya yi baƙi. Ba ta cewa a bar komai. Takan ce a rage, a ƙara wake da gero da zogale, a taka ƙafa rabin awa, a yar da sigari.

An gwada wannan hanya a ƙasashen Turai takwas, a binciken EUROACTION da aka wallafa a 2008, inda ma'aikatan jinya suka jagoranci kula da majinyata tare da matansu ko mazajensu, aka kuma ga cin abincinsu ya gyaru.

A asibitocinmu kuwa, ma'aikaciyar jinya ɗaya kan fuskanci dogon layi, ba ta da lokacin wannan zama. Ya kamata gwamnatocin jihohi su ɗauki ƙarin ma'aikatan jinya, su horar da su, su kai na'urar gwaji ƙananan asibitoci. Duk wanda ya haura shekara 40, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari, ya je a auna masa jininsa.