Sana'ar Lantarki Na Buƙatar Iya Hulɗa da Jama'a

Madatsar ruwan Nachtigal a kan kogin Sanaga ta ƙara wa Kamaru megawat 420, kuma tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar suna aiki. Ƙofar aiki ta buɗe wa matasan Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawan Yawunde, a fannin sola da tattalin wuta.

Sai dai takardar shaida kaɗai ba ta isa ba. Telan da dutsen gugarsa ke cinye kuɗin mita, da mai shagon da tsohon firjinsa ke zuƙe wuta, ba za su sauya kaya ba sai an saurare su, an yi musu lissafin riba cikin Hausa, Fulatanci ko Faransanci. Ma'aikacin da ya faɗi gaskiyar ƙarfin batir, ya cika alkawari, ya dawo gyara, shi ake sake kira, domin labarinsa na yawo daga masallaci zuwa kasuwa.

Muna kira ga makarantun sana'a da iyayen gida su koya wa yara haƙuri, sauraro da riƙon amana tare da haɗa waya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.