Kafin Mu Ce Mun Fara

 Da zarar kaka ta yi, an gama sujadar godiya, dattawan ikilisiyoyinmu sukan zauna su tsara ayyukan shekara mai zuwa. Wannan majami'a za ta fara gini, waccan za ta buɗe makaranta, Zumuntar Mata za ta soma adashi, matasa kuma za su kafa ƙungiyar bishara. Duka abin murna ne. Amma muna so mu ɗan dakata a kan kalmomin nan su kansu, gama Hausa tana da kalmomi da yawa na fara abu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ra'ayinmu shi ne, ikilisiyar da ta san bambancinsu za ta rage ayyukan da ake bari a rabi.

Bari mu ɗauki marasa nauyi tukuna, wato fara da soma. Waɗannan biyu taku na fari kaɗai suke nunawa, ba su yi wa kowa alkawarin taku na biyu ba. Hadari yakan soma haɗuwa ya watse, mutum yakan fara magana ya yi shiru. Daga soma ne muka sami somin-taɓi, wato ɗan abin da aka ɗanɗana kafin ainihin abin ya iso. Akwai kuma tsira. Idan aka ce wane ya tsiro da wata sabuwa, mai sauraro ya san ba yabo ake yi ba, ana nufin abu ne da ya ɓullo ba a san tushensa ba.

Manomi ya fi kowa sanin cewa farawa hawa-hawa ce. Tun da rani yake sassabe da sharar gona, ya kai taki, ya jira ruwan shuka. Bayan shuka sai tsiro, bayan tsiro sai noman firi, sannan maimai. Babu wanda zai ce ya yi noma don kawai ya zuba iri a rami. Shi ya sa magabata suka ce tushiya masomin dawa, wato abin da ido yake gani a sama daga abin da yake cikin ƙasa ya taso.

Sai kalmomi masu nauyi. Kafa tana nufin a soka abu cikin ƙasa har ya tsaya da ƙarfinsa, kamar yadda ake kafa turke ko a kafa gari. Aza harsashi kuwa sai an yi haƙa, an zuba dutse da siminti a wurin da ba mai ƙara ganinsa bayan an tada bango. Ɗaura ita ma haka take. Ba a cewa an fara aure, sai dai a ce an ɗaura shi, domin ƙulli ne wanda ba a kwancewa da wasa. Duk wanda ya yi amfani da ɗaya daga cikin kalmomin nan uku ya ɗauki alkawari, ko ya sani ko bai sani ba.

Kalmar da ta fi tashe a zamaninmu ita ce ƙaddamarwa. Daga Larabci muka aro ta, asalin ma'anarta kuwa gabatar da abu ne. Amma yau idan aka ce za a ƙaddamar da gidauniya, abin da yake zuwa zuciya shi ne rumfa, kujerun haya, lasifika, babban baƙo, da alkawuran kuɗi da ake sanarwa ana tafi. Ba laifi ba ne a gabatar da aiki ga jama'a. Damuwar ita ce, a wurare da dama ƙaddamarwa ta cinye wurin kafawa, har ana ganin da an tashi daga taro an ci rabin aiki. Bayan shekara uku sai a tarar da bango ya tsaya iyakar taga, ciyawa ta rufe bulo, rabin alkawuran kuma ba su shigo ba.

Idan muka juya ga Littafi Mai Tsarki, za mu ga mafari ba ƙaramin abu ba ne a cikinsa. Littafi na fari a Hausa sunansa Farawa. Yahudawa suna kiransa da kalmarsa ta fari a Ibraniyanci, Bereshit, wadda ta fito daga kalmar da take nufin kai. A Helenanci kuma, kalmar da Yohanna ya yi amfani da ita a ayar farko ta bishararsa, wato arke, tana nufin mafari, tana kuma nufin mulki ko iko. A harsunan nan biyu, mafari yana da dangantaka da shugabanci. Mu ma mun san cewa kai ne yake ɗaukar kaya. Wanda ya fara abu, nauyinsa yana kansa. Allah da ya fara halitta bai bar ta a rabi ba, sai da ya gama sannan ya huta, kuma har yau shi ne yake riƙe da ita.

Littafin Ezra ya ba mu labarin wani bikin aza harsashi da ya yi armashi ƙwarai. Da Yahudawa suka komo daga bauta a Babila, suka aza harsashin Haikali da ƙahoni da waƙoƙi, matasa suna sowa, tsofaffin da suka ga Haikali na fari suna kuka, har ba a iya rarrabe muryoyin. Sai maƙwabta suka tasar musu da ƙararraki, gwiwar jama'a ta yi sanyi, aikin ya tsaya shekara da shekaru. Kowa ya koma gyaran gidansa. Sai a shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, wato 520 kafin haihuwar Almasihu, annabawa Haggai da Zakariya suka tashe su, aka koma bakin aiki, aka gama a shekara ta shida ta sarautarsa. Sowar ranar biki ba ta ɗora ko dutse ɗaya ba. Nehemiya kuwa da ya zo gyaran garun Urushalima, da dare ya fita ya zagaya ya duba ɓarnar kafin ya faɗa wa kowa nufinsa, aikin kuma ya ƙare cikin kwana 52. Ubangijinmu Yesu ma, a Luka sura 14, ya gargaɗi mai shirin gina hasumiya ya zauna ya yi lissafi tukuna, kada ya aza harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa su yi masa ba'a.

Tarihin zuwan bishara ƙasarmu yana koya mana abu guda. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta fari a Patigi, daga wannan aiki ne kuma ECWA ta fito a 1954. Farawa an yi ta har sau uku, kafawa kuwa sai da aka yi fiye da shekara takwas. A Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya, ba rumfa ba babban baƙo, daga nan EYN ta samo asali. Abin da ya mai da waɗannan ranaku abin tunawa shi ne mutanen da suka zauna bayansu, suka koyi harshe, suka buɗe aji, suka yi jinyar marasa lafiya, tare da masu bishara 'yan ƙasa da yawancinsu ba a rubuta sunayensu ba.

Wannan magana ta fi shafar mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu. Babbar ikilisiya a birni tana iya barin gini a rabi ta ci gaba da harkokinta. Ikilisiya mai iyali talatin ba ta da wannan sarari. A wurare da yawa samun fili da takardar izinin gini wahala ce ta shekaru, kuɗin kuma daga baikon manoma, ƙananan ma'aikata da gwauraye yake fitowa. Idan aka karɓi buhun masarar gwauruwa aka zuba a bangon da damina za ta rushe, an ci amanarta. Gobe idan aka zo da wata buƙata ta gaske, hannunta zai yi nauyi, kuma ba za a ga laifinta ba. Maƙwabtanmu ma suna kallo, kangon da yake ɗauke da sunan ikilisiya wa'azi ne da yake yi musu dare da rana.

Wani zai ce, ashe ba da bangaskiya muke tafiya ba? Idan sai kuɗi sun cika za a fara, yaushe matalauta za su gina ɗakin sujada? Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma annabi Zakariya da kansa ya tsauta wa masu rena ƙaramin mafari. Manomanmu suna yin binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, wannan kuwa bangaskiya ce. Amma mai binne ya riga ya share gonarsa, ya san gonar tasa ce, ya kuma ajiye sauran iri ko da na farko ya ƙone. A fara da kaɗan, a fara da rumfar kara in ita ce ake da ƙarfinta. Abin da muke ƙi shi ne a yi ƙaramin shiri a sa masa babban suna.

Saboda haka muna ba dattawa da fastoci shawara. Na fari, a kira kowane aiki da sunansa na gaskiya a littafin taro. In gwaji ne, a rubuta gwaji, a sa masa wa'adi, domin in bai yi ba a ajiye shi ba tare da kunya ba. In kafawa ce, a rubuta sunayen waɗanda za su riƙe shi da inda kuɗin tafiyar da shi zai riƙa fitowa. Na biyu, kafin a buga katin gayyata, a tabbata takardun fili suna hannu, magini ya ba da lissafi a rubuce, kuma a riƙa ƙirga kuɗin da suka shigo daban da waɗanda aka yi alkawari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a taron shekara a karanta wa jama'a ayyukan da aka fara ba a gama ba kafin a kawo sabo. Fasto da aka kawo sabon wuri ya ɗauki aikin wanda ya gada ya ƙarasa, gama manzo Bulus bai ji kunyar cewa shi ya dasa, Afolos ya yi banruwa ba. Ya kuma tuna wa Korantiyawa su kammala gudummawar da suka fara tun bara. Na huɗu, a ajiye babban biki sai ranar keɓewa, sa'ad da akwai ƙofar da za a buɗe.

Muna roƙon kowace ikilisiya, kafin taron dattawa na gaba, ta zagaya harabarta yadda Nehemiya ya yi, ta ƙirga abin da yake jiran a ƙarasa shi. Allah wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinmu ya ba mu ƙarfin gama abin da muka sa hannu a kai. Amin.